Jirgin da Na Sa Inda Ake Tuɓe Takalma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Daga Mamman magini na Gwandu, zuwa ga ɗana Sanda, wanda ke zaune Kambaza gidan kawunsa Buba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah shi sa wagga takarda ta iske ka lafiya, shi tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin baki, da bangon da ke zubowa kan mai gina shi. Ka gai da kawunka da mutanen gidansa duka.

Ka san ni ban yi karatu ba. Malam Isa maƙwabcinmu ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce masa ya sa magana yadda ta fito bakina, kada ya yi mata kwalliya. In ka ga Larabci nasa ne. In ka ga faɗa nawa ne.

Ranar kasuwa kawunka ya iske ni bakin zaure, ko zama bai yi ba. Ya ce tun da ka ɗaure kayan aikinka ka fita gidan nan ba ka wuce Kambaza ba. Ba ka yi gaba zuwa Kalgo ba, ba ka dawo ba, kullum kana gindin tsamiya kana zane a ƙasa da tsinke kana sharewa. Ya ce ɗan Madugu, wanda ya kira ka ka yi wa sabon zaurensu ado, ya aiko cewa bazara ta kama, in ba ka iso kafin ruwa ya sauka ba zai ba wani magini daga Jega aikin. Kai kuma ka ce ba ka taɓa ƙasar Kalgo sai da yardata. Sai kawun naka ya dube ni ya ce, "Mamman, kai ka yi rantsuwa, yaro ke ɗauke da ita. Ko jaki ba a yi masa haka." Na ce ya koma wurin shanunsa, su ne sunka saba jin wa'azinsa. Ya tafi. Amma maganar ba ta tafi ba.

Ka tashi kana jin na rantse ba ni ba Kalgo, kuma hannun wani daga gidana ba ya taɓa ƙasarta. Dalili ne ba ka taɓa ji ba. Ranar da ka tambaya, tsawa na daka maka. To yau buɗe kunne.

Lokacin ina da ƙarfina, gemuna baƙi wuluk, Nasara ba su zo ba tukuna. Na riga na yi zaurukan da mutanen Gwandu ke tsayawa kallo da kaya a kai, kaina kuwa ya kumbura daidai gwargwado. Sai Madugu Ɗantani, uban wanga da ya kira ka, ya gina zaure babba a Kalgo, irin wanda gari duka ke taruwa ciki in an yi haihuwa ko rasuwa ko shawara. Ya aiko anka zo da ni. Ya ce, "Mamman, ba dagi kaɗai nake so ba irin na kowa. Ka sa mini Kalgo a bangon nan. Baƙo in ya zo, ya san garin tun bai zauna ba." Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wagga daga bakin mai gida ba. Na ce an gama.

Tun daga ƙasa na fara ɓata. Wani tsoho mai yaɓe ya ce mini ƙasar kududdufin kusa yashi ya yi mata yawa, mu ɗebo ta bayan dutse ko da nisa. Na ce masa, ni da na zo daga Gwandu za a koya wa ƙasa? Na sa anka kwaɓa ta kusa. Da yaɓen farko ya sha rana sai ya tsattsage kamar gindin tafki da rani. Na kankare shi, na ce wa mutane wai zanen na sake tunani. Ba wanda ya yarda, tsohon ma bai ko dube ni ba, sai dai na ga jakunan ƙasa suna tahowa daga bayan dutse. Kai dai, kowane gari da halin ƙasarsa. In ka isa, nemi wanda ya tsufa yana taka ta da ƙafa, ka durƙusa ka tambaye shi. Ba ya rage ka da kome.

Amma wancan ƙarami ne. Ga babban.

Na tambayi Madugu su wa da wa ke da garin. Shi kaɗai na tambaya. Ya lissafa mini: malamai da sunka zo da allunansu, mayaƙan zamanin da, makiyaya, manoman shinkafa na fadama, masunta na bakin gulbi. Yadda ya jero su, haka na jera su daga sama zuwa ƙasa. Bisa ƙofa na sa allo da alƙalami. Ƙarƙashinsu takobi cikin kube. Sai sandar kiwo da ƙwaryar tatsa. Sai lauje da damin shinkafa. Can ƙasa, dama da hagu na ƙofa, na sa jirgin masunta da homarsu ta kamun kifi, da igiyar ruwa tana tafiya ƙarƙashi. Ban zana mai rai ko ɗaya ba, don kada wani malami ya sami abin cewa. Sanda, wanga jirgi ban taɓa yin abu mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan. Da yatsu na fitar da shi, na goge shi da dutsen guga har yana sheƙi. In ka tsaya gefe sai ka ce zai zame daga bango ya bi ruwa.

Ranar da anka buɗe zauren gari ya taru, mata na guɗa daga cikin gida. Ina tsaye gefe da sabuwar riga ina karɓar sannu da aiki. Kowa ya zo sai ya tuɓe takalmansa bakin ƙofa kamar yadda aka saba. To ina bakin ƙofar yake? Gindin jirgina. Kafin a jima takalma sun taru sun rufe shi rabi, wata akuya kuma ta zo tana susar ƙugu a jikin homa. Ni ban ga kome ba, yabo nake sha.

Sai ga tsoho Gado, babban masuntan garin, da jama'arsa a baya. Ya tsaya bakin ƙofa, bai tuɓe takalmi ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Na matso na ce, "Ni ne, baba."

Ya ce, "Hannunka na da kyau, ɗan Gwandu. Wa ya ce ka ajiye mu nan?"

Na ce, "Haba baba, ruwa ai ƙasa yake. Ina kake so in sa gulbi, bisa rufin soro?"

Mutane sunka kwashe da dariya. Wagga dariya ita ta kashe ni, don na ji daɗinta har na ƙara da cewa ko kifi bai taɓa roƙon a rataye shi sama ba sai ya mutu. Gado bai yi dariya ba. Ya ce, "Duk wanda ke cikin zauren nan, kakana ya fito da kakansa daga wancan ƙetare. Da mai allo da mai takobi, cikin jirginmu sunka zauna suna riƙe da baki suna salati. Yau mun zama wurin ajiye takalma." Ya juya, jama'arsa sunka bi shi.

Daga ranar ba masunci da ya sake taka zauren. Kifi ya daina shiga gidan Madugu. Kayansa sunka iso mashigi, jakuna na tsaye, masu fito na gyaran homa kamar ba su gan su ba. Madugu ya zo masaukina ya ce, "Mamman, don Allah ka ɗaga jirgin nan sama." Na ce bango ya bushe, kuma ni ba na aiki sau biyu. Ya roƙe ni, ya sa liman ya roƙe ni. Na kafe. Sai ya kira masu yaɓensa, gabana, sunka shafe bangon duka, da allon da takobin da jirgin, ya koma sumul kamar jikin rumbu. Ina tsaye. Na ɗauki jakata, da na kai bakin gari na juya na yi rantsuwar da ka sani.

Har gobe ina cewa ruwa ƙasa yake. Kuma Madugu kullum yana zaune kan dakali ina aikin, ya ga inda nake sa jirgin, bai hana ni ba, da abin ya ɓaci ya bar ni ni kaɗai na sha. Gado shi ma da ya ja ni gefe ya faɗa mini a kunne, wa ya sani. Waɗannan ban yafe ba, Malam Isa na girgiza kai amma ya rubuta.

Sai dai ga abin da na ɗauki shekaru ina taunawa. Mutane suna duban bango yadda suke duban zaman taro: wa ke kan buzu, wa ke kan tabarma, wa anka bari bakin ƙofa. Na san wannan sarai a kan mutane, ko gidan suna ba na zama sai na ga inda anka shimfiɗa mini. Amma da na riƙe ƙasa a hannu sai na manta. Na ɗauka jirgi nake zanawa, ashe kakan wani nake zaunarwa.

Don haka in ka isa, kada ka taɓa ƙasa ranar. Zauna gaban zauren tun safe har la'asar, ka yi kamar mai jiran wani. Duba inda ake tuɓe takalma, inda ake ɗaure jaki, inda tsofaffi ke jingina suna tofar da goro, inda yara ke tsugunawa in ba mai kallo. Duk waɗannan wurare dagi za ka sa, don dagi ba kakan kowa ba ne. Allo kaɗai za ka ɗaga sama, ba mai yi maka gardama a kansa. Sauran duka ka jera su kafaɗa da kafaɗa daidai idon mutum, kamar sahun salla. In wani ya ce me ya sa sandarsa ba ta fi lauje tsawo ba, ka ce ya je masallaci ya tambayi liman.

Kuma kada ka ɗauki labarin gari daga bakin mai gida shi kaɗai. Mai gida inda gidansa ya fara nan yake fara labari. Bi unguwa unguwa ka yi gaisuwa. Je rugage, je fadama, je bakin gulbi. Tsaya wurin tsofaffin mata masu sussuka, su ba su jin tsoron kowa, za su faɗa maka wa ya fara haƙa rijiya da wa ya ce shi ne. In labari biyu sunka yi karo, kada ka zama alƙali. Kai magini ne. Ba kowa wurinsa, ka bar su su ci gaba da gardamarsu a inuwar bangonka.

Gado ya daɗe da rasuwa, na ji. Amma yana da 'ya'ya da jikoki bakin gulbi. Gidansu za ka fara zuwa, tun kafin ka sha ruwan ɗan Madugu. Faɗi sunanka da sunan ubanka, kada ka ɓoye, ba sata na yi ba. Ka ce su nuna maka yadda jirginsu yake, don na Kalgo bakinsa ba irin na sauran wurare ba ne, su sun fi ka sani. Kada ka ce na aiko ka ba da haƙuri. Ban aiko ka ba. Amma in bakinka ya faɗa da kansa, ba zan ƙaryata ka ba.

Akwai wata maganar, tun da na buɗe baki. Ka san zanen da nake kewaye ƙofa da shi, mai kama da haƙoran zarto da ɗigo a tsakani, wanda mutane ke ce wa zanen Mamman. Ba nawa ba ne. A bakin ƙwaryar innarka na gan shi, wadda ta zo da ita daga rugarsu. Ranar da na fara sa shi a bango ta wuce za ta rijiya, ta tsaya, ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Da na dawo gida ta ce, "Yau na ga ƙwaryata ta hau bango." Na ce mata a kaina ya zo mini, ƙwarya kuma duk ɗaya suke. Ta ce, "To, Allah shi ƙara wa kan albarka," ta miƙo mini fura cikin ƙwaryar. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kuma ina cewa wata rana zan faɗa gabanta, cikin mutane, ta ji. Har anka ɗauke ta ban faɗa ba. Kawunka ya sani, shi ya sa yake mini kallon da yake mini.

Kai kada ka yi haka. In ka ɗauko zane daga tabarmar wata tsohuwa ko ƙullin homar wani masunci, faɗi da ƙarfi, ka kira mai abin ya zo ya gani. Ba ya rage hannunka, kuma wanda ya ga abinsa a bango shi zai riƙa korar awaki daga jikinsa bayan ka tafi. In ka sa na innarka a ƙofar Kalgo, ina so ka sa, ka ce na wata mata ce daga Kambaza, Allah shi jiƙanta.

Saura guda, ita ce ta fi mini nauyi a baki. Aikin da munka yi a Dalijan, ka tuna. Na bar maka gefe ɗaya na bangon, ka zana turakun tangarahun nan da Nasara sunka kafa da wayarsu a miƙe. Na zo na gani, na sa tafin hannu na shafe shi tun yana ɗanye, gaban masu kwaɓa, gaban mai gida. Na ce ba a sa kayan Nasara a bangon Musulmi. Ka je ka wanke hannu, ka dawo ka ci gaba da miƙo mini ƙasa har yamma. Da ka yi mini tsiwa da ya fi mini sauƙi.

Maganar Nasara ina nan a kanta, ba na son abinsu. Amma ba ita ta ɗaga hannuna ba. Layinka na gani ya miƙe kamar an ja zare, ni kuwa a shekarar hannuna ya fara rawa, ina ɓoyewa cikin hannun riga. Abin da anka yi mini a Kalgo, wanda na hana kaina barci a kansa shekara da shekaru, shi na yi wa ɗana da hannuna. Ban lura ba sai da Malam Isa ya maimaita mini abin da ya rubuta yanzu. In Allah ya ba ka na ƙasa da kai, ko ɗanka ko ɗan wani, ya yi abin da bai yi maka ba, jira mutane su watse. Ɗanyar ƙasa tana jira, ka rufa mata tabarma. In kuma mutanen Kalgo sunka ce wayar ta shiga labarin garinsu, to garinsu ne, ka sa musu. Ni dai kada ka faɗa mini.

Sauran ƙananan ka sani, amma uba sai ya faɗa. Kada ka yi zane da tsakar rana, ƙasa na bushewa kafin yatsa ya gama magana. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa na shafen bango, ka dafa da kanka, kada ka bar wa kowa, in ta yi ruwa damina ɗaya ta wanke maka suna. Kada ka hau tsani da ciki wofi. In an kawo maka tuwon shinkafa da kifi ka ci ka yaba, ko da kana kewar na gero. Salla kan lokaci, ko hannunka na cikin ƙasa. Shi kuma maginin Jega da ake tsorata ka da shi, na ga aikinsa, kamar kaza ta bi ta kan yaɓe. Kada ka faɗa masa na ce.

To ga abin da kake jira.

Bayan kawunka ya tafi na je wurin Malam Isa na tambaye shi hukuncin rantsuwa. Ya ce rantsuwar da ta tare alheri warware ta ake yi a yi kaffara. Na yi masa gardama har rana ta karkata, bai motsa ba, ashe akwai wanda ya fi ni taurin kai a unguwar nan. Washegari na buɗe rumbu na auno gero, yayarka Hajo ta dafa, anka kira mabuƙata sunka ci kamar yadda ya ce. Tana tuƙi tana share ido. Na ce mene ne, ta ce hayaƙi. Na ce ni ma shi ne.

Don haka tashi, Sanda. Na yarda. Na sa maka albarka, da hannunka na dama da na hagu. Kada ka biyo ta Gwandu wai za ka durƙusa gabana, gajimare sun fara haɗuwa gabas, ba su san uba ba. Ka yi asubanci ka kama hanya.

Malam Isa ya ce kaffarar ta warware rantsuwar duka, har da ƙafata. Ni na ce ta hannunka kaɗai na yi. Ba mu daidaita ba tukuna. Amma in bango ya bushe, ka shafa makuba ta kama, ka aiko a faɗa mini. Idona ba ya ganin nesa yanzu, sai na matsa na shafa da hannu nake sanin aiki. Ka ce wa kawunka ya nemo mini jaki mai haƙuri. Kuma ka faɗa wa mutanen Kalgo kada kowa ya fito tarya ta, ba wurinsu na zo ba. Zuwa zan yi in nemi inda ka ɓata.

Allah shi kai ka lafiya, shi saukar da kai cikin masu son ka. Shi riƙe ruwan sama har ka gama, shi riƙe ƙafarka bisa tsani, shi riƙe harshenka inda nawa ya kuɓuce. Allah shi jiƙan innarka, shi jiƙan Madugu, shi jiƙan Gado. Shi maido mini da kai in ji muryarka bakin zaure. Amin.

Ubanka, Mamman magini.